Na san karatun, amma tambayar rahoto tana kayar da ni

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni akanta ne a wani kamfani a Kano, ina karatun jarrabawar ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci mai hedikwata a Birtaniya. Takardun baya duk na ci su ba tare da wata wahala ba, amma SBL (Strategic Business Leader), takardar dabarun jagorancin kasuwanci, ta tsaya mini a wuya. Zama biyu na yi, na farko na samu 44, na biyu 47. Littafin kuwa kusan na haddace shi. Inda nake zargi shi ne tambayoyin nan da ake cewa ka rubuta rahoto zuwa ga hukumar daraktoci. Nakan cika shafuka, in fito ina jin na yi abin kirki, sakamako ya zo ba haka ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka kwantar da hankalinka tukuna, 44 da 47 makin wanda ya yi karatu ne. Ban ga takardarka ba, amma a shekarun da na yi ina koyar da masu wannan jarrabawa na duba irinta da yawa, kuma da ka ce "nakan cika shafuka" ka riga ka gaya mini rabin labarin. Malami kake rubuta wa don ya ga ka sani. Ita kuwa tambayar kujera ta ba ka a ofis, ta kuma ambaci mutumin da ke jiran takardarka, wanda gobe da safe zai yanke shawara a kan dukiyar mutane. Mai ba da maki kujerar wannan mutumin yake hawa ya karanta. Duk jimlar da ba za ta taimake shi ya yanke shawara ba, ko da gaskiya ce tsantsa, haka za ta wuce ba maki.

Mu fara da yadda aka raba makin, don da yawa suna shiga ɗakin ba su zauna sun yi wannan lissafin ba, alhali akantoci ne. ACCA ta kawo SBL a watan Satumba na 2018, ta maye gurbin tsofaffin takardu biyu, P1 da P3. Daga Satumba 2023 aka sake mata fasali: awa uku da minti 15, ayyuka uku duk dole, kuma ana fitar da bayanin kamfanin da masana'antarsa mako biyu kafin ranar. Maki 80 na ilimin fanni ne, 20 na ƙwarewar aiki, ana ci da 50. Waɗannan 20 ɗin ba su da tambaya tasu daban, babu kuma babin da za ka haddace ka same su. A jikin amsarka ake nemansu: yadda ka isar da saƙo, yadda ka warware bayanai, yadda ka auna ɓangarori kafin ka tsaya a kan ɗaya, ko kana da idon kasuwanci, da ko kana tuhumar abin da aka gaya maka ko haɗiyewa kake yi. Tun Satumba 2022 takardun zaɓi uku, AFM, APM da AAA, su ma suna ɗauke da wannan maki 20, ta huɗun, ATX, ta bi sahu a Yuni 2023, saboda haka abin da zan faɗa zai bi ka har gaba. Abokanka masu jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Najeriya, su kuma, a takardar Case Study ta matakin ƙarshe, cutar nan ce dai take kama su.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wanda littattafan da aka rubuta a Landan ba za su gaya maka ba. Mu a tarbiyyarmu ba a faɗa wa babba magana kai tsaye. Ka je wurin Alhaji neman abu, sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka tambayi kasuwa, ka yi shimfiɗa, ka kewayo, sai can da zai sallame ka ka ce "dama..." A zaure wannan ladabi ne, kuma yana da kyau. Makaranta kuma ta ƙara mana da wasiƙar WAEC mai doguwar gabatarwa. Sai ɗalibi ya kwaso duka biyun ya kai ɗakin jarrabawa: sakin layi na farko godiya ga hukumar daraktoci da ta ba shi dama, na biyu tarihin kamfanin da su daraktocin suka kafa da hannunsu, na uku ma'anar dabarun kasuwanci. Minti 12 sun tafi, maki ko ɗaya bai shigo ba. A rahoto "dama" ɗin ake fara faɗa. Gabatarwa layi biyu ko uku ta isa: an nemi in duba kaza, na dogara da takarda kaza da kaza, abin da na gano a taƙaice shi ne kaza. Daga nan ka shiga aiki.

Kafin ka taɓa takardun da aka haɗo, karanta abin da aka ce ka yi. Wane ne kai a wannan aikin, ma'aikacin cikin gida ko mai ba da shawara daga waje? Wa zai karanta? Wace irin takarda ake so, rahoto, gajeren bayani, imel ko allunan gabatarwa? Wane aiki aka ɗora maka? Tambayar "wa zai karanta" ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Idan daraktan kuɗi kake rubuta wa, ba sai ka fassara masa IFRS 9, ɗaya daga ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya, ba, zai ji kamar ka raina shi. Idan kuma shugaban hukumar ne, aka ce maka injiniya ne bai san harkar lissafin kuɗi ba, to duk kalmar fanni da ka jefa masa ba bayani, ka rasa shi. Ba don ado aka gaya maka injiniya ne ba, akwai maki a ƙarƙashin wannan layin.

Aikin da aka ba ka yana cikin kalmar umarnin ta Turanci, kuma kowace da nauyinta. Explain bayani take so, dalilin abu da yadda yake. Evaluate da assess awo suke so: ka ɗora amfani a hannu ɗaya, illa a ɗaya, ka faɗi wanda ya rinjaya da abin da ya sa. Wanda aka ce wa evaluate ya jero amfani biyar ya tashi, rabin aiki ya yi. Recommend kuwa so take ka tsaya a kan abu ɗaya. Sai ƙaramar kalmar nan "and", wato "kuma", wadda ta fi kowace cin mutane. "Ka auna tsarin kaza kuma ka ba da shawarar gyara" aiki biyu ne. Na sha duba takarda mai kyau da ta ƙare a awo, mai ita bai taɓa gyaran ba saboda rabin farko ya cinye masa lokaci. Ni ɗalibaina nakan sa su kwafi umarnin su liƙa a saman shafin amsa, su tsinka shi gida-gida, kowane gida ya zama kan magana. In an gama sai a goge umarnin a bar kanun.

Bari in nuna maka a aikace, da wani misali da na ƙirƙira nake amfani da shi a aji. Kamfanin casar shinkafa ne, yana sayen shanshera daga manoma, yana sayar wa diloli. Takarda ta farko ta nuna ciniki ya tashi daga naira miliyan 800 a 2023 zuwa biliyan 1 a 2024. Ribar da ta rage bayan an cire kuɗin kaya da na casa ta sauko daga miliyan 160 zuwa 150. Bashin da kamfanin ke bin diloli ya tashi daga miliyan 66 zuwa 164. Manajan tallace-tallace ya rubuta cewa shekara ta yi albarka. A wata takardar daban, can ƙasa, an ambata cewa ladan da ake ba shi a ƙarshen shekara a kan yawan ciniki ake lissafa shi, kuma kamfanin yana cin bashin banki a kan ruwa kashi 30. An ce ka rubuta wa hukumar daraktoci rahoto ka auna yadda kamfanin ya yi.

Ga irin abin da mai 45 yake rubutawa: "Ciniki ya ƙaru da kashi 25, wanda abu ne mai kyau. Riba ta sauko daga kashi 20 zuwa kashi 15. Kwanakin karɓar bashi sun ƙaru daga 30 zuwa 60. Ya kamata kamfanin ya inganta karɓar bashi." Babu kuskure ko ɗaya a ciki, lissafin daidai ne. Amma ka hau kujerar shugaban hukumar ka karanta: me ka ƙaru da shi? Lambobin nan suna gabansa tun kafin ka zo, kalkuleta kawai ka danna masa. Shawarar kuma za ta zauna a kamfanin siminti, za ta zauna a gidan burodi, za ta zauna a asibiti. Duk shawarar da za ka iya ɗauka ka liƙa wa kowane kamfani a duniya, wannan kamfanin bai amfana da ita ba.

Ga kuma yadda nake so ka rubuta: "Ciniki ya ƙaru da kashi 25, amma a shekarar da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, mai yiwuwa buhunan da aka sayar raguwa suka yi, muna buƙatar adadin buhuna don mu tabbatar. Ƙarin cinikin miliyan 200 bai kawo ƙarin riba ba, ragin miliyan 10 ya kawo. Ko dai tsadar shanshera da man dizal ba a iya ɗora su duka a kan farashi ba, ko kuma an yi wa diloli rangwame don a cika adadi. Kusan rabin ƙarin cinikin, miliyan 98, har yanzu yana hannun diloli. A kan ruwa kashi 30, zaman wannan kuɗin a waje yana cin kamfanin kimanin miliyan 29 a shekara, kusan ɗaya bisa biyar na ribar. Tunda ladan manajan a kan ciniki yake, ko kuɗin ya shigo ko bai shigo ba, tsarin da kansa yana tura shi ga ba da bashi. Ina ba da shawarar a ɗaure ladan da kuɗin da aka karɓa, a mayar da wa'adi kwana 30 ga sababbin diloli, kuma a duba manyan masu bashi goma kafin a rufe littafin shekara."

Ka duba da kyau, babu wani ilimi a na biyun da kai ba ka da shi. Lambobin dai su ne, kowace aka tsare ta da tambaya: me ya jawo, me hakan ke nufi ga wannan kamfanin, me za a yi. Ruwa ba ya tsami banza, riba ma ba ta sauka banza, kuma dalilin yana nan a cikin takardun, sai dai ba a ajiye shi kusa da lambar ba. Ladan manajan yana takarda ta huɗu, bashin diloli yana ta farko, wanda ya haɗa su shi ke ɗaukar makin nazari. A takardun raba maki na SBL galibi batu yana samun maki ɗaya idan ka gano shi, ya samu na biyu idan ka faɗaɗa shi ka ɗaure shi da kamfanin. Ka ga ke nan aiki mai maki 12 batutuwa shida cikakku yake so. Guntaye goma sha biyar za su cika maka shafi, su ci maka lokaci, rabinsu kuma maimaita juna suke.

Sai dai in ja maka kunne a kan abu ɗaya. Na sa hauhawar farashin Najeriya ne don misalina a Najeriya yake, kuma a Case Study ta ICAN sanin halin ƙasa yana yi wa mutum rana. Kamfanonin SBL kuwa a ƙasashen da aka ƙirƙira suke. Hauhawar farashin da aka ba ka a takarda ita za ka yi aiki da ita, kada ka kai musu farashin dala na Wapa.

Batun manajan nan ya kawo mu ga makin da na ga 'yan'uwanmu suna bari a kan tebur fiye da kowane, wato tuhumar bayani. An raine mu a kan cewa musa wa babba rashin kunya ne. Sai a ba ɗalibi takarda da sa hannun daraktan kuɗi, ta ce sabon reshe zai mayar da jarinsa cikin shekara biyu, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu ya gina rahotonsa a kai. Mai shirya tambayar da gangan ya sa wa hasashen zuma. Wa ya faɗa? Me zai samu idan aka yarda? A kan me ya gina lissafin, kuma yaushe aka tattara bayanan? Kai da ka ga abin da ya faru da kasafin kamfanoni bayan cire tallafin mai a Mayu 2023 da sakin naira a Yuni 2023, ba sai an koya maka cewa hasashe yana tsufa cikin wata ɗaya ba. Ladabin kuma ba ya tafiya ko'ina, a harshe yake komawa. Ba za ka rubuta cewa darakta ƙarya yake ba. Za ka ce hasashen ya dogara da ƙaruwar ciniki kashi kaza, ba a kawo hujjarsa ba, kuma ya saɓa da abin da aka samu shekara uku da suka wuce, saboda haka a nemi wani daban ya sake dubawa kafin a fitar da kuɗi. Akwai kuma masu wuce gona da iri, da sun ga lamba ta karkace sai su yi ihun almundahana. Wannan ma faɗuwa ce. Abin da takarda ta nuna ka faɗa, abin da ya rage ka ce a bincika.

Su PESTEL da SWOT da ƙarfi biyar na Porter, tsare-tsaren nan na nazarin kamfani da ka haddace, kada ka zubar da su, amma ka san matsayinsu. Katakon gini ne da ake kafawa a hau a ɗora bulo, in gini ya tashi a cire. Ka yi amfani da su a takardar shirinka don kada wani ɓangare ya kuɓuce maka. Babu daraktan da ke son a karanta masa ma'anar PESTEL, kuma idan harafi biyu daga cikin shidan ba su da abin faɗa a wannan kamfanin, ka bar su, kada ka matso musu magana dole.

Shawara kuwa, a nan na fi son ka tsaya. Lokacin da na fara aiki, maigidana a wani kamfani da ba sai na ambata ba ya sa ni in duba ko a sayi manyan motocin ɗaukar kaya ko a ci gaba da haya. Kwana huɗu na yi, na kai masa shafi 11, har da jadawali mai launi. Yana tsaye ya karɓa, makullin mota a hannu, ya buɗe shafin farko, ya tsallaka na ƙarshe, ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "To, in saya ko kar in saya?" A shafin ƙarshen na rubuta cewa kowace hanya tana da amfani da illa, hukuma ce za ta zaɓa. Ajiye mini ya yi a kan tebur ya fita. Wannan jimlar tawa ita nake gani a takardun ɗalibai har yau, kuma tsoro ne yake kawo ta, kada mutum ya zaɓi abin da ba shi ne a takardar amsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A irin waɗannan tambayoyi mai cewa a saya da mai cewa kar a saya duk suna iya samun maki, in dai kowa ya kafa hujjarsa daga abin da ya riga ya rubuta a sama. Ka faɗi zaɓinka, ka faɗi dalili biyu mafiya ƙarfi, ka faɗi haɗarin da ya rage da yadda za a tare shi, ka faɗi wanda zai yi da lokacin. Kada kuma sabon batu ya ɓullo a shawara wanda babu shi a jikin rahoton.

Siffar takardar ba ta da wuya, minti biyu ne. Zuwa ga wa, daga wa, kwanan wata, batu. A wurin "daga" muƙamin da tambayar ta ba ka za ka sa, ba sunanka ba. Kanu su fito, kuma su yi magana: "Bashin diloli ya ninka cikin shekara ɗaya" ya fi "Bashi". Batu ɗaya, sakin layi ɗaya, layi uku zuwa biyar, a bar fili a tsakani, don mai makin yana da tarin takardu a gabansa kuma abin da idonsa bai kama ba ba zai ba shi maki ba. Lissafi ka yi shi a shafin lissafi na kwamfutar ko a rataye, a jikin rahoton sakamakon kawai za ka kawo da ma'anarsa. In ka yi kuskure a lissafi amma ka nuna hanyar, kuma sharhinka ya bi lambar da ka samu, makin sharhin yana nan. Saboda haka kada ka ɓata minti goma kana farautar naira dubu biyar da ta ɓace. In allunan gabatarwa aka nema, gajerun layuka a allon, cikakken bayanin a rubutun da ke ƙarƙashinsa.

Lokaci: minti 195 gare ka. Ni nakan ce a ware kimanin 35 don karatu da shiri, a raba su a kan ayyukan uku. Saura 160, ka raba da maki 80 na fanni, minti biyu ke nan kowane maki. Aiki mai maki 15 minti 30 ne, ka rubuta lokacin tashi a gefe kafin ka fara. In ya cika ka tashi, ko da kana tsakiyar abin da ka fi iyawa. Makin farko na sabon aiki ya fi na ƙarshen tsohon aiki arha nesa ba kusa ba, kuma aikin da ba ka taɓa ba ya tafi da makin fanninsa da na ƙwarewarsa gaba ɗaya. Ina da yaƙinin in ka tuna zamanka biyu za ka ga aikin ƙarshe a guje ka yi shi. Mako biyun da ake ba ka da bayanin kamfanin, amfaninsu ka shiga ɗakin ka riga ka san me kamfanin ke sayarwa, wa ke da shi, ina yake samun kuɗi, don kada karatun ranar ya cinye ka. Masu haddace amsa a kansa suna zuwa su tarar an tambayi wani abu daban, su kuma sai sun juye abin da suka haddace.

Turanci kada ya dame ka. Ba jarrabawar adabi ba ce, kuma gajeriyar jimla ta fi doguwa kai saƙo. Abin da ke cutar da mutanenmu shi ne neman manyan kalmomi don rubutu ya yi kwarjini, sai jimla ta yi layi biyar ta manta inda ta faro. Ka rubuta kamar kana yi wa shugabanka bayani a ofis, shi yana sauri.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ga yadda za ka yi da watannin da suka rage. Rufe littafin, ka riga ka biya shi haƙƙinsa. Ka shiga dandalin gwaji na ACCA, wanda aka yi shi kamar allon ranar jarrabawa, ka riƙa yin cikakkiyar takarda a kan kibod da agogo, awa uku da kwata ba tashi, ranar Asabar da safe in akwai wuta ko caji. Wanda ya saba da biro hannunsa yana nauyi a kibod, kuma ba ranar za ka gano haka ba. Rahoton masu jarrabawa da ACCA ke fitarwa bayan zama ka karanta shi da takardarka a gefe. Masu ICAN su kuma Pathfinder, littafin tambayoyi da amsoshi da ICAN ke fitarwa bayan jarrabawa. Amsar da suke bugawa ta fi abin da mutum zai iya rubutawa a cikin lokacin tsawo, kada ta firgita ka, takardar raba makin za ka fi dubawa.

Sai gwajin da na fi yarda da shi. Ka nemi wani babba a danginku mai kasuwanci, irin waɗanda suka yi shekara talatin a Dawanau ko Singa ba su taɓa jin sunan IFRS ba. Ka ɗauki sakin layi ɗaya daga amsarka ka faɗa masa da Hausa. Duk inda ya ce maka "to, sai aka yi yaya?", ka sa alama, nan ne ka tsaya a maki ɗaya. Ka koma ka ƙara jimlar da ta amsa masa. Ka yi haka da aikin farko na takardar gwajin da ka yi, ka sake rubuta shi cikin lokacinsa, ka turo mini tsohon da sabon in duba.